Lamba Bisa Kwalba

Inna Ige ta ce jikinta tulu ne,
in ya kwana sai ya tsiyaye.
Likita ya ja fatar idonta, ya ga fari fat,
ya rubuta mata ƙarin jini.

Na kai takarda kemis a Gawon Nama.
Yaron ya sauko da kwali mai hoton hanta,
ya faɗi kuɗi, na ce ya sake faɗi.
Kabu-kabun kwana huɗu ke nan,
in ban sha mai ba, in na yi azumin wuni.

Sai na gangara Tsohuwar Kasuwa
wurin Arzika, mutumin Boɗinga,
mai tebur a gindin dogon yaro.
Kwalabensa ba suna, ba ranar lalacewa,
jan ruwa ne cikin gorar lemo.
"Karan dafi na da zuma," in ji shi,
"sauran kau sirrin magani."

Inna ta sha mako biyu.
Ko ruwan ne, ko yardar da ta yi da shi,
ta tashi ta share tsakar gida,
ta yi faɗa da awakin Nomau,
ta dama fura da hannunta.
Ni dai abin da idona ya gani.

Ran Laraba farar mota ta tsaya,
mutum huɗu da riguna masu tambari.
Suka kwashe tebur cikin buhu,
har da mazurari, har da cokali.
Arzika ya ce, "Kakana shina saida wanga
tun ba a haifi lamba ba!"
Macen cikinsu ba ta ɗaga murya ba:
"Baba, mi anka sa ciki? Nawa a ka sha?
Wa ya auna shi a mizani?"

Ya yi shiru. Ni na yi masa fushin,
na ce ku bar talaka da abin da ya iya saye.
Ta dube ni, ta dubi babur ɗina:
"In ka kai fasinja asibitin koyarwa,
leƙa layin wankin ƙoda
kafin ka yi mani bayani."

Ban leƙa ba. Ba sai na leƙa ba.
Lubabatu ta gidan bayanmu a Mabera
ta sha ƙwayar ƙarin ƙiba a leda,
fuska ta cika, ƙafa ta cika,
mutane na cewa jiki ya yi kyau.
Ni na ɗauki mijinta zuwa neman rance,
sau uku cikin zafin rani.

To, ina zan ajiye fushina?
Gaskiyarsu ɗaya, tawa ɗaya.
Kun rufe rijiya don ruwanta ya gurɓace,
madalla, Allah ya saka.
Amma ƙishirwa ba ta karanta sanarwa,
kuma tukunya ba ta tafasa da hani.

Arzika ya je tambayar rajista.
Aka ce takardu, aka ce gwaji,
aka ce kuɗin da in ya haɗa su
sai dai ya sayar da bijimin noma.
Yanzu goro yake kasawa a faifai,
in an tambaye shi kwalba, ya ce bai sani ba,
alhali kowa ya san ya sani.

Jiya na sayo rabin katin ƙwaya mai lamba,
na ƙara da zogale da hantar ɗari biyar.
Inna ta juya katin gaba da baya,
ta kai shi kusa da fitila:
"Wagga lamba, ita a ka sha?"
Na ce a'a, shaida ce an duba.
Ta ce, "Su duba farashi, shi ma."
Ta haɗiye guda da sauran koko,
ta lissafa ragowar da yatsa:
shida. Wata kuwa bai ko raba ba.
Ta ƙulle su a bakin zani.